Cikin da Ta Bari a Ƙetare

…kuma ba ta ji lokacin da takalmin ya fita ba, nan ne abin yake. Silifa ce ta roba, ta ƙafar hagu, ga ta can yashe bakin makewayi, ita kuwa Saliha ta tako har cikin ɗaki a kan yashin hantsi mai zafi, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, ba ta sani ba sai da ta zauna ta duba. Ƙafar wa ce wannan? Tana matsa babban yatsa da farce. Tana ƙara matsawa. Shiru… sai wani zir-zir can ciki, kamar tururuwa na yawo a ƙarƙashin fata.

A tsakar gida turmi na amsawa. Inna ce, mahaifiyarta, take kirɓa fura. Tsohuwar da ta baro Gidan Sori, babur zuwa kwalta, mota zuwa Cadawa, da ƙullin gero a ka, saboda an kai mata labari ɗiyarta ta lalace. Tun ranar da ta sauka ta karɓe madafa daga hannun kowa. Dum… dum… in turmin nan ya yi shiru, ƙwarya na tafe. In ƙwarya ta zo sai an sha. In an sha kuwa — bokiti na nan bayan gado, ta rufe shi da tsohon zane.

Wata nawa ke nan tana amai? Kafin aya ta shigo kasuwa aka yi aikin, ga shi har bazara ta kama. Aikin da a gidan nan babu wanda ya sani sai ita da maigida, Ubaidullahi. An ce wa gari ta je ƙetare maganin gwiwa. To, gwiwar ma ai tana ciki, ba ƙarya ce zalla ba. Amma abin da aka yi a wancan farin ɗaki mai sanyi, cikinta aka yanke, tumbin kansa, aka cire mafi yawansa, aka bar mata ɗan abin da bai fi ayaba ba. Ina suka kai sauran? Ba ta taɓa tambaya ba. Sai yanzu take ta tunaninsa, a bola yake ko an binne, a ƙasar da ba ta iya ko gaisuwarsu ba.

Hajiya Saliha mai aya. Da in ta tunkaro tasha yaran mota har rawa suke, kujera biyu ta zo, tirela ta iso! Tana zaginsu suna dariya, ita ma tana dariya, wa zai yi fushi da ni'ima? A garin nan in mace ta cika ido, mijinta ake gaisarwa. Su dai ba su san dare — a'a, ba dare kaɗai ba, kowane lokaci — numfashi kamar mai hawan tudu, ciwon suga, gwiwoyi da suka ƙi lanƙwasuwa. Shekaru tana salla a kan kujerar roba, tana duƙar da kai cikin iska. Abin da ta so ke nan, ba kyau ba, ba ado ba, ita da jikoki? Goshinta ta so ya taɓa ƙasa kafin a sa ta cikinta. Laifi ne wannan?

Biyu ne. Likitoci biyu ta gani, kada ta yi wa kanta ƙarya ta ce ba ta da zaɓi.

Ta Yamai, siririyar mace mai tabarau, ba ta da fara'a ko ta sisin kwabo. Ta sa ta zama ta yi ta tambaya kamar jandarma. Me kike ci da safe? Wa ke dafa miki? Da wa kike sa hannu a kwano? "Ki zo mini da su, Hajiya, su ma sai na yi magana da su." Ji wata magana! Sannan a jira watanni, a auna wannan a auna wancan. Bayan aiki kuma a riƙa komawa, a ɗebi jini, a zauna da mai tsara abinci, a zauna da wasu mata da aka yi wa irinsa, ga ƙwayoyi da za a sha har kabari. "Yankan ba shi ne aikin ba. Yanka wuni ɗaya ne. Abin da ke bayansa shi ne aikin." Daga Cadawa zuwa Yamai, wuni cur a cikin kar, babbar motar haya, ƙafa ta kumbura, kuma a yi ta yi? Aya fa? Wa zai tsaya mata a bakin buhu in kaka ta yi? Kuma mace tana zarya Yamai wata-wata, wace ƙarya ce za ta ishe ta?

Sai ga Yahuza, dillalin da ke kai marasa lafiya ƙetare, da salularsa cike da hotuna. Ga mace jiya, ga ta yau. Ga wata, ga wata. Likitansa kuwa fari tas, haƙora a waje, har hannu ya ɗaga mata ta cikin waya. Ki sauka Talata, a yi Alhamis, sati na zagayowa kina gida. Ba ya tambayar wa ke dafa miki. Ba ya tambayar komai. Abin da ya burge ta ke nan, wayyo, abin da ya burge ta ke nan — mutum mai sirri, in ji ta.

Ita fa! Ita da ba ta sayen ko tiya ɗaya ta aya a hannun baƙon da motarsa ke kunne. Ita ke koya wa yara: ku sayi kaya wurin wanda za ku tarar kasuwa mai zuwa, in tsakuwa ta fito a ƙasan buhu ku san ƙofar da za ku buga. Ta san wannan a kan aya. A kan cikinta sai ta manta.

Dum… dum… Inna ba ta gajiya ne?

"In kin je wani wuri ban hana ki ba," haka mai tabarau ta ce tana rufe mata ƙofa. "Amma ki tambaye shi abu ɗaya: in na koma gida, wa zan kira?" Ba ta tambaya ba. Ta tuna a jirgi, ta ce in an sauka. Ta tuna a kan gadon da ake turawa, fitilu na wucewa ta samanta, ta ce in an farka. Da ta farka wani tafinta ya ba ta lambar likitan, ya ce kowane lokaci, Hajiya, kowane lokaci. Saƙon farko likitan ya amsa: ki sha ruwa kaɗan-kaɗan, ba komai. Na biyu: ba komai, haka kowa ke yi. Na uku… har yau bai buɗe ba. Yahuza ya ce shi nasa kaiwa ne da dawowa da mutum, kuma ya kai ya dawo da, ko ba haka ba? Haka ne.

Kai mai haƙora, kana ina yanzu? Wata kake ɗaga wa hannu? Ka san akwai garin da ake kira Cadawa? Ka san a nan ba a cin abinci da ƙaramin cokali ana kallon agogo, ka san tuwon gero, ka san uwa in ta dama fura ba a ce mata an ƙoshi? Ba ka tambaya ba. Ni ma ban faɗa ba. Mun yi daidai, ni da kai.

Ta je likitar gari, ƙaramin asibitinsu, sau ɗaya. Majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, mutumin kirki ne, ya san zazzaɓi, ya san ciwon tamowa na yara, ga su nan layi a baranda, iyaye mata riƙe da jarirai masu hannu kamar tsinke ana auna musu damtse. Ta ratsa ta tsakiyarsu. Ta yaya za ta buɗe baki a wurin nan ta ce, ni kuwa biya na yi aka rage mini ciki don kada in ci? Sai ta ce amai ne kawai. Ya auna zazzaɓi, babu. Ya sa mata ƙarin ruwa. Sannan ya rage murya, ya kalli ƙofa, ya ce akwai wani awon da ya kamata a yi, ita da maigida… Ta gane. Duk gari ma abin da suke raɗawa ke nan, masu kirkin cikinsu ne ke cewa sammu, wai abokan kasuwa. Gara kanjamau? Gara sammu? Abin mamaki, ta fi iya ɗaukar waɗannan a kan gaskiyar. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, in ji mutane. Nata ko tuwon ba ya riƙewa, sai magana.

Gashi na bin mataji. Fatar damtse na reto. Wannan duk da sauƙi. Amma shekaranjiya ta kalli ƙofa ta ga ƙofa biyu. Jiya ta kira jikarta, sunan ya ɓace ɓat, yarinya na tsaye tana jira, ita tana lalube cikin kanta kamar mai neman allura a tabarma. Salla kuwa… raka'a ta nawa? Ta idar ko ba ta idar ba? Goshin ya taɓa ƙasa, ai ya taɓa, ranar ta yi kuka har tabarma ta jiƙe. Sati nawa aka yi ana haka? Yanzu in ta yi sujada ƙafafun ba sa ɗago ta. Ta koma salla a zaune, ba ma a kujera ba, a ƙasa.

Tsoro take ji. Ta faɗa ma, tun da ba mai ji: tsoro take ji ƙwarai. Wani abu na cin ta daga ƙasa yana hawowa, kuma ba ta san sunansa ba, kuma akwai wadda ta sani. "Amai in ya wuce 'yan kwanaki kada ki jira, akwai abin da jiki ke rasawa, in ya taɓa jijiya ba kullum yake dawowa ba." Ta ce haka? Ko yanzu ne kanta ke ƙirƙira? A'a, ta ce. Tana gyara tabarau ta ce.

Lambar mai tabarau na nan a salula, ta ajiye ta da sunan "Mai aya Yamai" don kada yara su gani. Ga yatsa a kai. Ta ce me? Ni ce wadda ta ƙi ki? Wane tela ke son gyaran rigar da wani ya yanka? Ko da ta karɓa, cewa za ta yi ki taho yau, yau ɗin nan, kuma ki zo da mai dafa miki…

Ubaidullahi ya tafi kasuwar Gazawa. Da asuba ya tsaya bakin ƙofa, ya kalle ta irin kallon da ake yi wa baƙo marar lafiya, ya ce mu tafi Yamai, Saliha, in nemo mota. Ta ce bari Inna ta koma gida tukuna. Inna kuwa ta rantse ba ta taka ƙasar Gidan Sori sai ta ga nama ya dawo. Nama ba ya dawowa sai an daina amai. Amai ba ya tsayawa sai an daina ɗura mata fura da tuwo da man shanu. Ba a dainawa sai an faɗa wa Inna. To a faɗa mana!

A faɗa wa wa? Matar da ta binne ɗiyarta Rukaiya a shekarar yunwa, ta binne ƙaramin da ba a kai ga raɗa masa suna ba, ta goya Saliha ta yi ta tafiya tana tauna dussa tana sa mata a baki? Duk zuwan da za ta yi sai ta kama damtsen nan ta matsa, ta girgiza, ta yi dariya da ragowar haƙoranta: wagga tawa ce, yunwa ba ta samu ba. Ba ta da gona mai yawa, ba ta je Makka ba. Ƙibar Saliha ce gonarta. A dube ta a ce, Inna, abin da kika shekara arba'in kina tarawa, na kai wa wani baƙo ya yanke ya zubar?

Amma ƙafar… in ta hau gwiwa fa? In ta kai ƙirji? Wanne ya fi, Inna ta ji magana, ko Inna ta yi binnewa ta uku? Wannan ko yaro ya san amsa. Yau za ta faɗa. Yanzu. Da ta shigo, kafin ta ajiye ƙwaryar. Inna, zauna, akwai magana. A'a — Inna, ki yafe mini. A'a, sai ta zaci mutuwa ce. Inna, ba sammu ba ne, ni ce…

Turmin ya yi shiru. Tun yaushe?

Labule na motsi. Inna biyu na shigowa, ƙwarya biyu, sannan su haɗe su zama ɗaya. Saliha na dafa ƙasa ta tashi ta karɓa, ba a barin uwa tsaye da kaya. Hannu na turawa, ƙafafu na kwance abinsu kamar na maƙwabta. Ta sake. Ba su san da ita ba.

"Zamna, zamna, ina za ki?" Inna na durƙusawa, gwiwoyinta na ƙara. Warin nono da citta na cika ɗakin, tun yanzu maƙogwaro ya fara tsinkewa da yawu. "Da kaina na tatso wurin Hilani, ba na kasuwa ba ne. Na sa zuma. Yau kam ba ni son musu, ɗiyata."

"Inna…"

"Mi?"

Ga idanun nan, sun yi ja da hayaƙi. Ga tafin hannun, ya yi kanta da taɓarya, wani wuri ya fashe. Don ita. Duk don ita. Maganar na nan, ta taso, tana kan harshe, Saliha na buɗe baki — Inna na sa ludayi.

Sanyi. Zaƙi. Ta riƙe a baki. Tsohuwa na kallon maƙogwaronta tana jira, leɓɓanta na motsi da bisimilla.

Ta haɗiye.

"Yauwa, 'yar albarka. Kin gani? A hankali za ya dawo."

Can ƙarƙashin ƙirji ɗan abin da aka bar mata ya fara murɗawa. Salula na gefen cinya, fuskar wayar ta mutu. Bayan wannan ludayin… bari a gama wannan tukuna, sai ta faɗa, bayan wannan…

Inna na sake cika ludayin.