Damin Gara

Duk wanda ya san wasan Ganuwa a cikin birnin Kano ya san Ɗayyabu na Zaitawa, kuma duk wanda ya san Ɗayyabu ya san Dodon Kududdufi. Katin nan shi ne abin tinƙahonsa. Samarin da suka ƙirƙiro wasan, waɗanda suke buga katunansa a wani ɗan shago a Jakara, 'yan kaɗan suka fitar irinsa. Ɗayyabu ya samu guda, ya sa masa leda har biyu, ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kai.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Kowa da ganuwarsa, wanda aka fara rushe wa tasa ya faɗi. Kowa yana zuwa da katuna arba'in da ya zaɓa da kansa, su ne 'yan wasa suke kira dami. A cikin dami akwai rijiyoyi, akwai halittu, kuma ba a sauke halitta a kan teburi sai an shayar da ita. Kura tana shan rijiya uku. Dodon Kududdufi kuwa sai ya shanye takwas kafin ya motsa, amma in ya motsa, sai dai mutum ya tattara katunansa ya yi sallama.

Zinariya, ƙanwar Ɗayyabu, a kan tabarmar tsakar gida ta koyi wasan, domin a kanta yake gwada duk damin da ya haɗa. Ta sha kashi har ta gaji da jin haushi ta koma lura. Abin da ta gano shi ne, mai jiran rijiya takwas zaune kawai yake, ba abin da yake tsinanawa. Sai ta shiga tsintar katunan da samari suke zubarwa. Gara ita ce uwar daminta: rijiya ɗaya take sha, tana cin ganuwa kaɗan-kaɗan, kuma duk wadda ta sauka tana ƙara wa 'yan uwanta haƙori. Ta haɗa da Ɓera mai toshe rijiyar abokin karawa, da Ruwan Agusta mai jiƙa ganuwa ta yi laushi. Rijiya goma sha biyu kacal ta sa, don 'yan ƙwarin nata ba masu ƙishirwa ba ne.

Da Jibrin, na ukunsu Ɗayyabu, ya tafi bautar ƙasa, ƙungiyar Zaitawa ta rage saura mutum biyu, ga karawa da ƙungiyar Goron Dutse ranar Asabar, kuma uku-uku ake zama. Ɗayyabu ya duba hagu ya duba dama, bai ga wanda ya kai ƙanwarsa ba. Ya ba ta kujerar yana cije baki. Ita kuwa ta daɗe tana mafarkin kujerar nan, har sai da ta shiga ɗaki ta taka rawa ita kaɗai.

Murnar ba ta je ko'ina ba. Ya ce ta kawo damin ya gani, ya baje shi a kan tabarma, ya yamutsa fuska.

"Wannan dami ne ko shara?"

"Sharar da ta ci ka sau biyu jiya, Yaya."

"Sa'a ce. Ba za ki je gaban mutane ki kunyata Zaitawa da ƙwari ba."

Ɗayyabu ya san ƙanwarsa. Ya san in ya ce lallai, ita ma za ta ce lallai. Don haka sai ya bi ta wata hanya, kuma wallahi hanyar ta mugunta ce, ko da shi a ransa alheri yake ganin ya yi. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ana cin abinci a gaban mahaifiyarsu, ya zaro Dodon Kududdufi daga aljihun gaba.

"Hajiya, ki shaida. Na ba Zinariya, halak malak. Ta fita da shi gobe."

Hajiya ba ta san kan wasan ba. Ita dai tun farko sharaɗinta ɗaya ne, kada a sa kuɗi. Amma ta san yadda ɗanta yake ji da wannan kati, sai ta tafa hannu. "Allah ya yi maka albarka. Ke kuma kin tsaya kina kallonsa? Kyautar babba ce."

A gidansu ba a mayar wa babba da kyauta, ba a kuma karɓa a ajiye a gefe kamar ba a so. Zinariya ta durƙusa, ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya. Zuciyarta kuwa tafasa take yi.

Kada a ce ba ta gwada ba, ta gwada. Daga la'asar har magariba tana zaune da katunan. In za ta sa Dodo, dole ta ƙara rijiyoyi. In ta ƙara rijiyoyi, dole ta cire Gara da yawa. Da ta cire, sai damin ya zama ba nata ba, ba na Yaya ba. Dodon ya zo hannunta ya zauna kamar baƙon da ya ƙi tafiya, ya tare wuri, ba ya aikin komai. Ta dube shi, da jajayen idanunsa da ledarsa biyu, ta ji tausayin yayanta, don ta san ba ƙaramin abu ya rabu da shi ba. Sannan ta naɗe katin a sabon ɗankwali, ta sa a ƙasan akwatinta, ta mayar da Gararta gaba ɗaya.

A wani ajin makaranta aka yi karawar, an jera bencina, samari sun cika tagogi. Ƙa'ida ce kafin a fara, alƙalin wasa ya baje damin kowa a fili ya ƙirga. Alƙalin, Malam Bashir, ya ɗauki na Zinariya yana ajiyewa ɗaya bayan ɗaya. Gara. Gara. Ɓera. Gara. 'Yan taga suka fara dariya. Ɗayyabu yana tsaye yana jiran jajayen idanu su bayyana, har kati na arba'in ya sauka.

Ya sunkuyo kusa da kunnenta. "Ina yake?"

"Yana gida, Yaya. Na adana shi."

"Kyautar tawa kika wulaƙanta?"

"Na karɓa hannu biyu, kuma har na mutu ina godiya. Amma ni zan zauna a kujerar nan, ba kai ba."

"Ni na ba ki kujerar."

"To ka karɓe yanzu, ka zaunar da wanda ka ga dama."

Babu wanda zai zaunar, su biyun duk sun sani. Ya miƙe, jijiyar wuyansa ta tashi, ya koma teburinsa.

Ɗayyabu ya ci nasa wasan ko ba Dodo. Mikail, na biyunsu, ya faɗi. Magana ta dawo kan Zinariya da Luba, kyaftin ɗin Goron Dutse, wata doguwar ɗaliba mai tabarau wadda daminta cike yake da Kuraye da Giwar Dutse. Wadda ta fara cin zagaye biyu ita ta yi nasara.

Zagayen farko Luba ta murƙushe ta. Wani daga taga ya ce, "A kawo fiya-fiya a fesa!" Aka kwashe da dariya. Zinariya ko ɗaga kai ba ta yi ba.

A na biyu dariyar ta ɗauke. Tun Luba tana tara rijiyoyi, Gara huɗu suka hau ganuwarta, Ɓera ya toshe mata rijiya biyu, Ruwan Agusta ya sauka. Giwar Dutse tana hannun Luba, ba ta samu ruwan da za ta sha ba, ganuwa ta zube. Luba ta cire tabarau ta goge, ta sake duban yarinyar da ke gabanta da kyau.

Na uku ya yi tsawo. Ganuwar Luba ta rage ƙiris, ta Zinariya ma haka. Gara ɗaya tak Zinariya take buƙata. Ta sa hannu a kan damin, ta ja kati, ta juya. Rijiya ce. Luba ta saki Kura, wasa ya ƙare.

Goron Dutse suka ɓarke da ihu. Zinariya ta ji hawaye ya taho, ta danne shi da ƙarfi, don ta rantse ba za ta yi kuka a gaban 'yan taga ba. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ɗayyabu ya zo ya tsaya a kanta, kuma wannan karon bai rage murya ba.

"Kin gani? Taurin kanki ya ja mana. Ki ce kin yi kuskure a gaban kowa, ki gyara damin yadda na ce, in bar miki kujerar."

Duk ajin ya zuba wa Zinariya ido. Kalma uku ce kawai, ta faɗa ta huta. Ta dubi katunanta da suka sha hannu har gefensu ya yi baƙi.

"Na yi kuskure, Yaya. Rijiya goma sha biyu ta yi yawa. Zan cire ɗaya in ƙara Gara."

Wani ya yi dariya ya toshe baki. Fuskar Ɗayyabu ta canja.

"To kin gama buga wa Zaitawa. Muddin ni ne kyaftin."

Luba tana ɗaure daminta da roba, ta ce ba tare da ta dube shi ba, "Mu dai muna da wanda zai koma Zariya karatu. In kina so, ki zo da ƙwarinki yadda suke. Ni ban taɓa yin gumi irin na yau ba."

Zinariya ta dubi yayanta. Shi ya koya mata riƙe kati tun hannunta bai iya riƙe biyar ba, kuma ta san in ta amsa, wata rana shi za ta tarar a ɗaya gefen teburin, sannan su koma gida ɗaya su ci tuwo a gaban Hajiya. Ta jira ko zai ce wani abu. Ya kawar da kai.

Ta tattara katunanta guda arba'in, ta daidaita su a kan benci, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Anti Luba, wace rana kuke zama?"