Jan Farce a Kan Sarƙar Inji

Tun bara motar Malam ta fara wani kuka da safe, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa. Malam ya ce sarƙar taimin ce ta saki, wato sarƙar nan ta cikin inji da ke sa kowane ƙarfe ya motsa a kan lokacinsa. Babban ɗanmu kuwa a ganinsa motar ce gaba ɗaya ta tsufa, har da mai ita. Bai faɗi na ƙarshen da baki ba, yana da kunya, amma na ji shi a muryarsa.

"Baba, a sayar da ita kawai. Duk inda za ka, ni zan kai ka."

"Kai da sai ƙarshen mako muke ganin ƙeyarka?" in ji Malam. "To ji nan. Zan canja sarƙar da hannuna a tsakar gidan nan. In ka zo ba ta tashi ba, kira dillali. In ta tashi, kada in sake jin zancen."

Ni na san nauyin wannan magana. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan sitiyarin babbar mota, tun da ya ajiye aiki wannan 'yar akwalar ce ƙafarsa. Da ita yake zuwa gaida abokai, da ita yake sayo min zare da yadi, ya dawo da kalar da ban aike shi ba. In aka raba shi da ita, kujera zai samu ya zauna, kuma ba na jin zai sake tashi da karsashi. Abin da nake tsoro ke nan.

Washegari tsakar gida ta koma gareji. Ni tela ce, kekena yana bakin taga, don haka ina ɗinki ina kallon yadda ake wawushe min kaya. Bahon wankina ya tafi. Farantan da nake ji da su suka cika da notuna, kowanne a jere yadda aka kwance shi. Ya sauke lagireto, ya cire fanbel, ya buɗe murfin gaba, yana 'yar waƙarsa ƙasa-ƙasa. Rabon da in gan shi cikin nishaɗi haka har na manta, sai na bar masa farantan.

Malam yana da doka ɗaya da ya gada wurin ubangidansa: babu ƙarfen da zai shiga inji sai an wanke shi da fetur, ko da yanzu aka ciro shi daga kwali. Sabuwar sarƙa ma ba ta tsira ba. Ya tsoma ta a bahona, ya bi ta da tsohon buroshin haƙori gaɓa-gaɓa har tana ɗaukar ido.

Can da rana tsaka ya kira ni. "Tela, zo mana."

Na same shi ya kai sarƙar har bakin hancinsa.

"Mai kayan gyara ya ce akwai gaɓoɓi masu fenti. Su ne za su hau kan ɗigon da ke jikin fayafayan nan masu haƙora. In aka kuskure, mota ta yi ta tari, ko ma bawul ya lanƙwashe. Duba min, hasken nan bai ishe ni ba."

Hasken da bai ishe shi ba, ni sai da na kare fuska da hannu. Na juya sarƙar ciki da bai, babu fenti ko na magani. Na leƙa baho, sai ga ɓarɓashin rawaya yana yawo a kan fetur.

"Malam, ai ka wanke alamar."

Dariya ta ƙwace min, don tsaftar da na yi shekaru ina roƙo ya yi wa ɗakinsa ce yau ta ci shi. Shi bai yi dariya ba. Ya zauna a kan taya, ya zuba wa bahon ido.

"Ina tsohuwar sarƙar?" na ce. "Mu in mutum ya zo ba awo, tsohuwar rigarsa muke ce ya kawo."

Muka zaro ta daga ƙarƙashin buhu, na wanke ta da kaina. Ita alamarta ba fenti ba ce, ƙarfen gaɓoɓin ne ya yi ja-ja kamar tagulla. Na nuna masa. "Ga ɗaya nan."

"E, e, na gani," in ji shi, ya ɗora yatsa a kan wata gaɓar daban.

Sai na gane ba haske ne ya gaza ba, idonsa ne. Na shimfiɗa sarƙoƙin biyu gefe da gefe a kan tabarma. Tsohuwar ta miƙe ta fi sabuwar tsawo, don haka ba a biye wa tsawo, sai na bi su gaɓa da gaɓa, yatsa nan yatsa can. Allin ɗinki ba ya kama ƙarfe, sai na ɗauko jan farcen da autarmu ta bari a ɗaki, na ɗiga a inda ya kamata.

Daga nan aiki ya zama namu mu biyu. Hannunsa ya san hanya ko a duhu, ni kuma ina leƙe ta kafaɗarsa. "Matsa haƙori ɗaya. A'a, baya. Yawwa, ya hau." Ya ɗaure, ya sa doguwar sifana ya juya injin da hannu a hankali, kunnensa a jiki, bai ji ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba. Ya ce da ya san haka nake da tuni ya ɗauke ni yaron mota. Na ce albashina ya fi ƙarfinsa. Gaskiya na ji daɗin yinin nan, baƙin mai har gwiwar hannu.

Sai dai abin yana cina a rai. In na gaya wa babban ɗanmu abin da na gani, mota ta tafi. In na yi shiru, mutumin da bai ga gaɓar sarƙa a tafin hannunsa ba zai ci gaba da hawa titi cikin 'ya'yan mutane. Har ranar da yaron ya zo ban yanke shawara ba.

Malam ya shiga, ya murɗa makulli. Ta tashi bugu ɗaya, tana wani gurnani mai laushi, babu tsakuwa babu gwangwani. Yaron ya zagaya ta, ya sa kunne, ya yi dariya.

"Baba, na janye. Ka ci."

Malam ya kashe injin ya fito, amma bai sa makullin a aljihu ba.

"Sarƙar ni na ɗaura," ya ce, "amma ban ga alama ko ɗaya ba, uwarka ce ta gani. Kwanan nan ma allon bakin titi sai na zo gindinsa nake karantawa."

Yaron ya fara, "To Baba, ai kenan…"

"Ba za a sayar ba. Mun yi magana, kuma ta tashi."

Malam ya kamo hannuna ya danƙa min makullin. "Ƙafar da ta iya taka keken ɗinki ba za ta kasa taka totur ba. Ni zan zauna a gefe in koya miki."

"A wannan tsufan, Malam?"

Ya zagaya ɗaya gefen, ya buɗe ƙofa ya zauna, gwiwoyinsa sun tokare gaba. Yana ta laluben inda ake jan kujerar baya, don tun da ya sayi motar bai taɓa zama a nan ba.