Sandar da Ba Ta Karye Ba

Shekara uku Kafinta ya yi yana gina tsohuwar tashar jirgin ƙasa a kan teburin falo, har matarsa ta gaji da mita ta sallama masa teburin. Komai ɗan mitsitsi ne: ofishin yankan tikiti bai fi kwalin ashana ba, tankin ruwa murfin kwalba ne, rufin kwano kuwa daga gwangwanin madara ya yanko shi. Mutumin nan ba ya gini da ka. Gilashin ƙara girma yake ɗorawa a kan tsohon hoto, ya ƙirga bulo ɗaya bayan ɗaya, abin da ido ya gani shi hannu zai yi. Kai, ko tsatsa sai ya shafa ta inda take!

Mararrabar da titi ya tsallaka layin dogo ce kawai ta rage. Hotonta ɗaya gare shi, na jarida, wanda aka ɗauka ranar da jirgi ya niƙe motar babansu, shekara talatin ke nan. Shi bai ga komai ba, ranar yana kwance a asibiti, 'yan caca sun fasa masa goshi. Yayansa ne mai gadin shingen a lokacin, shi ya ba da shaida cewa Baba ne ya karya sandar shingen ya afka kan layi. Gidan ya haɗiye kunyar, ba a sake ta da maganar ba.

Da hantsi Kafinta ya fere tsinke, ya yi masa fenti ja da fari, ya manna shi yadda yake a hoton. Sai da gam ya bushe ya ja da baya ya ga abin da hannunsa ya yi. Sandar tana tsaye tana kallon sama, lafiyarta ƙalau. Zuciya ta ɗebe shi. Ya buga wa Yaya waya ya ce ya zo yanzu.

Yaya ya shigo da dariyarsa. "Tsoho da wasan yara! Yau kuma me aka gina?"

"Zo ka duba shingenka."

Dariyar ta ɗauke ɗif. Yaya ya kai hannu zai fizge tsinken, Kafinta ya cafke hannun ya murɗe har ƙashi ya yi ƙas. Yaya ya yi ƙara, ya zuba masa naushi a baki da ɗaya hannun. Suka sarƙe, tsofaffi biyu da furfurarsu, suka faɗa kan teburin. Ƙafar teburin ta karye, ofishin tikiti ya baje, layin dogo ya lanƙwashe. Matar tana kururuwa a bakin ƙofa, babu mai jin ta. Kafinta ya lalubo ƙaramar gudumarsa ya kwaɗa wa yayansa a haƙarƙari, ya ƙara, sannan ya hau ruwan cikinsa ya ɗaga ta saitin kansa.

"A buɗe ka bar shi! Ka kashe Baba, ka kuma laƙaba masa laifi! Ina ka tafi? Faɗa min, ko wallahi in fasa kan nan!"

Yaya ya tofar da jini. Ya ɗaga hannun da bai karye ba, ya taɓa tsohon tabon da ke goshin ƙaninsa.

"Wa ya ɗauke ka daga bayan tasha?" in ji Yaya. "Cewa aka yi kana mutuwa. Minti goma kacal na yi."

Shekara talatin Kafinta yana shafa tabon nan, bai taɓa tambayar wanda ya kai shi asibiti ba. Gudumar ta suɓuce daga hannunsa. Ya sauka daga kan yayansa ya zauna dirshan cikin tarkacen, yana kuka kamar ransa zai fita. Kusa da gwiwarsa tsinken nan ja da fari yana nan tsaye a kan guntun katakonsa, ko gezau bai yi ba.