Uban Haya

"Kwat ai ba ta da ƙafa," in ji Mai Guga, yana ɗaga kayan mutane ɗaya bayan ɗaya a jikin igiya. "Ruwan toka ce, ta lauya. Jiya da hannuna na goge ta, na sa mata leda."

Matarsa ta leƙo ta ƙofar da ta haɗa shagon da cikin gida, hannunta duk kumfa. "Ni dai ban taɓa ba. Ko Injiniya ya kai masa?"

"Injiniya tun sassafe ya fita, suna da darasin safe. Wannan yaron in ba littafi ba me ya sani?"

Injiniya ɗansu ne na fari. Ya samu sunan tun yana rarrafe, ranar da ya warware rediyon gidan ya baje kayan cikinta a tabarma. Saboda shi Mai Guga yake tsayuwa kan dutsen guga har ƙafa ta kumbura, don yaron yana wata sakandare mai tsada can ƙetaren gari. Uwar ce ta kai shi ranar farko, ita ke zuwa in an nemi iyaye, har ɗawainiyar ƙannensa ta sha kanta ta daina. Shi uban bai taɓa taka ƙofar ba. A ganinsa wanda ya biya ai ya je.

A kan bencin shagon wani yaro ne zaune, mai tabarau, cikin kayan makaranta, yana ta duba agogo.

"Baba, za mu makara fa."

"Kai da aka kama kana tsallaka katanga, yau kai ne mai tsoron makara?"

Gaskiyar magana, Mai Guga sana'a biyu gare shi, ta biyun ce dai ba a rubuta a jikin allon shago ba. Uban haya ne. Akwai wata sakandare a bayan layinsu, duk yaron da ya yi ta'asa aka ce ya zo da mahaifinsa, sai ya lallaɓo shagon guga. Allah ya hore wa mutumin tumbi, da furfura kaɗan a gefen kunne, da murya irin ta mai gidan haya. Ga kuma sutura, ta mutane, iri-iri, a goge. Yau ya je a ɗan kasuwa, gobe a ma'aikacin banki. In matarsa ta yi masa magana sai ya ce taimako ne, yara ne, wa bai yi ƙuruciya ba?

Wannan mai tabarau kuwa daga makarantar su Injiniya ya zo, labari ne ya kai masa. Da farko Mai Guga ya so ya ƙi. Daga baya ya ce a ransa, wa ya san shi a can? Injiniya yana aji yana karatunsa, shi kuma zai shiga ofis ya fito. Banda haka ma, ya daɗe yana son ganin inda guminsa yake tafiya.

Da kwat ɗin lauya ta ƙi fitowa, sai ya ja ta wani mai kemis, baƙa, wadda ta kama shi a hammata. Ya tsuke ciki ya sa maɓalli ɗaya, suka fita.

A cikin bas ya fara aiki, don shi ba ya shiga ofis da ka.

"Aji nawa kake?"

"Huɗu."

"Wa ye malamin ajinku? A ina kake zama, gaba ko baya? Wane darasi ne yake ba ka wahala? Uwarka me take yi?"

Yaron yana amsawa, shi yana maimaitawa a hankali kamar mai hadda. Ya sha faɗa wa abokansa cewa uban hayan da bai san ajin ɗansa ba, tun daga bakin ƙofa ake kama shi.

"To, me ka yi? Kada ka rage min komai."

Mai tabarau ya sunkuyar da kai. Sun haura katanga ne lokacin hutun tara, suka tafi shagon cacar ƙwallo. A can wani malami ya ritsa su da kayan makaranta a jiki, aka kuma samu kwalbar maganin tari a jakar abokinsa, alhali babu mai tari.

"Ni wallahi rakiya na yi. Shugaba ne yake zaɓa mana wasannin da za mu saka. Shi ya san komai."

"Wane ne kuma Shugaba?"

"Haka muke ce masa."

Mai Guga ya girgiza kai, kwat ta yi ƙara a kafaɗa. "Irin waɗannan, iyayensu ne ba sa sa ido. Ka haifi yaro ka sake shi kamar akuya, me kake jira?"

Makarantar ta burge shi. Ga furanni, ga fenti, ga mai gadi da littafin baƙi. Har ya ji tumbinsa ya ƙara fitowa. Aka nuna musu ofishin mataimakiyar shugaban makaranta, wadda yara suke kira Ba Sani Ba Sabo. Wata 'yar siririyar mata ce, mai magana ƙasa-ƙasa, fanka tana juyawa a kanta tana kaɗa takardu.

Ta tambayi aji, ya faɗa. Ta tambayi malamin aji, ya faɗa, har ya ƙara da cewa lissafi ne yake ba yaron wahala tun yana firamare. Da ta karanto laifin sai ya dafe ƙirji, ya juya ya kama kunnen mai tabarau, kamu irin na gwani, mai ban tsoro a ido amma ba zafi.

"Ni za ka tona wa asiri? Uwarka tana can tana fama da ɗinki, kai kana nan kana caca?"

Malamar ta ce ya isa. Tunda laifin farko ne, gargaɗi za a yi masa. Mai Guga har ya ji haushi kaɗan, don bai kai ga fito da babban makaminsa ba. Yana da wata magana da yake ajiyewa sai wuya ta yi wuya. Sai ya miƙe ya kakkaɓe hannu ya ce, "Ku kore shi, ni ma na gaji!" A makarantar bayan layinsu ba ta taɓa faɗuwa ƙasa ba. Nan take malamai suke komawa ba shi haƙuri, su ne masu roƙa wa yaro gafara. Sau nawa ya ba da labarin a gida ana cin abinci, yana kwaikwayon muryoyinsu, yara suna dariya har da ƙwarewa.

"Ku ɗan zauna, Malam," in ji ta. "Ina son uban ɗayan ya same ku, ku ji da kunnenku tare."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Kwat ɗin ya fara gani. Ruwan toka. Ko a cikin dubu zai gane karin gugar nan, don babu mai fitar da kafaɗa haka sai shi. A cikinta wani ƙaton mutum ne, hannun rigar ko tsintsiyar hannunsa bai kai ba, faratansa baƙi ƙirin. Mai facin taya ne na bakin tasha, Mai Guga ya sha wuce shi. A bayansa kuma, kai a sunkuye, hannu a baya, Injiniya ne.

Yaron ya ɗago. Suka haɗa ido. Sai jakarsa ta zame daga kafaɗa ta faɗi.

"Ga Shugaba nan," mai tabarau ya raɗa wa Mai Guga.

Wanzami dai ba ya son jarfa.

"Sannu da zuwa, Malam," malamar ta ce wa mai faci. "Kun dai san hanya. Zuwanku na uku ke nan a zangon nan."

Na uku. Ta shiga lissafo su. Na farko waya ce aka kama a cikin safa ranar jarrabawa. Na biyu taba a bayan ɗakin gwaje-gwaje, har aka dakatar da shi mako biyu. Mai Guga ya tuna makonnin nan sarai. Kullum yaron sai ya fita da kayan makaranta, waɗanda shi da kansa yake goge masa, ya dawo da yamma yana cewa karatu ya yi zafi. Kunya ta kama shi, da baƙin ciki, da wani abu mai kama da tsoro. Amma ya yi gum. In ya buɗe baki, ya kashe mai tabarau, ya kashe kansa, wataƙila har da Injiniyan. Bari dai a yi gargaɗin a fita, sauran magana a gida.

"Ni na rasa yadda zan yi da shi," in ji malamar. "Yaro ne mai ƙwaƙwalwa. Ku faɗa min dalili ɗaya da zai sa in bar shi."

Mai faci ya miƙe. Ya gyara kwat ɗin lauya, ya kakkaɓe hannu.

"Ku kore shi, ni ma na gaji!"

Har kakkaɓe hannun nasa ne. Injiniya ya koyar da darasin da kyau, abu ɗaya kawai ya manta: wannan ba makarantar bayan layi ba ce.

Malamar ta gyaɗa kai. "To, shi ke nan. Tunda uba ya gaji, mu su wa?" Ta jawo takardar kora, ta cire marfin biro.

Mai faci ya tsaya baki buɗe yana jiran a ba shi haƙuri. Ba wanda ya ba shi. Ya waiga ya dubi Injiniya, alamar daga nan kuma ba a koya masa komai ba. Biro ya fara tafiya.

"Ranki ya daɗe, dakata."

Mai Guga bai san ya miƙe ba sai da maɓallin mai kemis ya tsinke ya gangara ƙarƙashin tebur.

"Wannan ba ubansa ba ne. Faci yake yi a tasha. Kwat ɗin ma ta lauya ce, daga shagona aka ɗauko ta. Ni ne ubansa."

Ta ajiye biron a hankali. "Ku da kuka gama jan kunnen wancan yanzu?"

"Wancan aiki ne."

Mai tabarau ya cire tabarau ya rufe fuska da hannu.

Ta juya ga Injiniya. "Kai, wane ne mahaifinka a ɗakin nan?"

Yaron ya nuna Mai Guga da hannu, hawaye yana bin gefen hancinsa.

"To, Malam, aji nawa ɗanku yake?"

Mai Guga ya buɗe baki. Ya san shekarar da aka sa shi, ko dai yana zaton ya sani. Uku? Ai ya wuce uku. Ya fara ƙirga da yatsa a jikin wando. Mai faci ya ɗaga hannu da zumuɗi kamar ɗan aji.

"Kai sauke hannunka," in ji ta. "Na san ka sani."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce wa mai tabarau ya kawo mahaifiyarsa mai ɗinki, in dai da gaske akwai ta. Ta ce wa mai faci in ta sake ganinsa a harabar nan, 'yan sanda ne za su yi masa rakiya. Sannan ta mayar da takardar cikin aljihun tebur, ba ta yaga ba.

"Gobe da safe ku dawo, Malam. Cikin kayanku na kanku. Ku zo min da amsar tambayata, sai mu san abin da za a yi da wannan."

A bakin ƙofar makaranta ya karɓi kwat ɗin lauya. Mai faci ya tuɓe ba gardama, ya tsaya daga shi sai singileti mai tabon baƙin mai. "Wallahi yaron kirki ne," ya ce. "In ka zauna da shi, hira gare shi." Ya kama hanyar tasha.

Suka tsaya jiran bas, uba da ɗa. Mai Guga ya tanadi maganganu cike da ciki, masu zafi, amma wadda ta fito daban ce.

"Me ya sa ba ka kira ni ba?"

Injiniya ya share hanci da bayan hannu. "Na taɓa kiranka, Baba. Ranar taron iyaye, ina aji ɗaya. Ka ce aiki ya yi maka yawa." Ya ɗago ya dube shi. "Da na dawo na gan ka ka fito daga makarantar bayan layi, da rigar mai banki, ka dafa kafaɗar wani yaro."

Bas ta zo, kwandasta yana buga mata jiki. Suka samu kujerar baya. Mai Guga ya cire ta mai kemis ma, ya ninke kwat biyun a cinya. Ta lauyan tana warin taya, sai an sake wanke ta. Ya daɗe yana murza bakin aljihunta da babban yatsa, har suka wuce kasuwa.

Can ya gyara zama, ya juyo ya fuskanci yaron sosai.

"To. Aji nawa kake?"

"Biyar, Baba."

"Biyar," ya maimaita a hankali. "Wa ye malamin ajinku?"