Tsohuwar Ƙofar da Surukina Yake Bi

Ina da wani ɗan hali da ban cika son a sani ba: ba na iya jefar da abu. A ƙarƙashin gadona akwai kwali cike da cajar wayoyin da kamfanoninsu ma sun manta sun taɓa yin su, da linzamin kwamfuta mai ƙwallo a ciki, da rimot ɗin wata talabijin da aka sace tun ina saurayi. Matata Fanna takan ce ranar da na mutu ba gado za a raba ba, shara za a kwashe. Amsata kullum ɗaya ce: wata rana za a nema.

Da wannan halin na rubuta manhajar ƙungiyar manoman garinmu, shekara goma sha wani abu da suka wuce. Garin namu yana tsakanin Tofa da Rimin Gado, inda gona take jingine da gona, idan ka yi atishawa a taka sai maƙwabcinka ya ce maka yarhamukallahu daga tasa. Tarakta ɗaya ƙungiya take da ita, kuma duk shekara da ruwan shuka ya sauka sai an yi rigima a kan wanda za a fara yi wa haro. Ni malamin kwamfuta ne a wata sakandare, wato mutumin da ke zana kwamfuta a allo da alli, don haka aka ce ni zan kawo ƙarshen rigimar. Na rubuta 'yar manhaja: ka buɗe a wayarka, ta gaya maka ranar da tarakta za ta shiga gonarka. Rigima ba ta ƙare ba, amma ta koma kaina, wanda shugabannin ƙungiya suka ɗauka a matsayin ci gaba.

A lokacin, wayoyin mutanenmu ƙanana ne masu madannai, irin waɗanda matasa yanzu suke kira rakani kashi. Kowace da nata ciwon. Wata ba ta ɗaukar dogon saƙo, wata ba ta san ƙa mai lanƙwasa ba sai ta nuna akwati, wata ba ta iya shiga ta ƙofa mai makulli sai an bar mata ta baya a buɗe. Kowace na yi mata tata hanyar a cikin manhajar: idan wayar irin kaza ce, bi ta nan. A saman wannan sashe na rubuta da manyan baƙaƙe, KADA A TAƁA, ZA A NEMA.

Shekaru suka tafi, manyan wayoyi suka cika gari. Ramlat, ɗalibata ta da, wadda na koya wa kwamfutar alli, ta je jami'a ta dawo ta san abin da ni nake ji a labari. Ƙungiya ta miƙa mata manhajar, ni aka bar mini muƙamin mai ba da shawara. Sannu a hankali ta sake rubuta komai. Abin da ya rage nawa a ciki shi ne wancan sashe na tsofaffin wayoyi, kuma ban ga laifin kaina ba idan na ce ina leƙa shi lokaci lokaci kamar mai ziyarar dangi.

Wata Asabar, ana saura kaɗan damina ta faɗi, ta same ni a ofishin ƙungiya, ta ajiye kwamfutarta a kan buhun taki.

"Malam, zan goge ɗakin ajiyarka."

"Wane ɗaki?"

"Wanda ka rubuta kada a taɓa. Kowane gyara sau biyu nake yi, ɗaya don mutanen da ke raye, ɗaya don kayan tarihi. Ina so in saka hasashen ruwan sama, sun tare hanya. Kuma kamfanin da ke riƙe mana manhajar ya ce ƙarshen wata zai toshe ƙofar bayan nan, ko mun so ko mun ƙi, don ɓarayi ma ta nan suke bi."

Na gyara zama na ɗauko muryar aji. Na ce mata ita yarinya ce, ba ta san dalilin da ya sa kakanninmu suke barin burtali tsakanin gonaki ba. Ko shekara ta wuce shanu ba su bi ba, ba a nome shi, domin ranar da za su zo ba sa aiko da sanarwa.

"Malam," in ji ta, "burtalin da ke bayan gonarka ai gyaɗa na gani a kansa bara."

Na ce wannan wata magana ce daban.

Sai ta juyo mini da kwamfutar, ta buɗe shafin da ke nuna duk wayar da ta shigo manhajar da ƙofar da ta bi. Na gyaɗa kai irin na wanda ya saba da shafin. Ta ce cikin dukan 'yan ƙungiya waya ɗaya tak ce take bin tsohuwar ƙofa, kuma kullum take shigowa, da sassafe bayan an fito masallaci, rani da damina. Ta nuna mini lambar. Nan take na gane ta.

Lambar Baba Umara ce, mahaifin Fanna. Sunan nan ma rubuta shi kawai na yi, bakina bai taɓa furta shi ba. Kakanninsa daga Barno suka zo da fataucin kanwa suka zauna, shi kuma ya tashi manomi, dattijo mai tsayi da ƙarancin magana. Ni da hannuna na kai masa wayar nan a shekarar da na gama manhajar, na ajiye a gefen buzunsa na ce ga ɗan abin duba ranar tarakta, na fita da baya.

"Ai shi ke nan, abu ya zo gida," in ji Ramlat. "Ka tambaye shi mana, ko zai koma babbar waya."

In tambaye shi. Shekara ashirin da aurena ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba. Idan na hango shi a kasuwar Rimin Gado nakan tsaya taya tabarmar da ba na bukata har ya wuce. Maganarmu ba ta wuce lafiya, gajiya, iyali, ruwa. Yanzu ni zan durƙusa in ce masa kyautar da na ba shi ta tsufa, ya nemi wata? Ko kuwa in yi shiru, ya buɗe wata safiya ya ga an rufe masa ƙofa, ranar taraktarsa ta wuce bai sani ba, gonarsa ta zauna ba haro kowa na wucewa yana gani, a ce ai surukinsa mai kwamfuta ne ya yi masa haka?

Na bi ta hanyar da ta dace, wato Fanna.

"Idan kin je gida ki ɗan ji mini, wayar nan ta Baba, yana jin daɗinta kuwa?"

"Kai ba ka da baki?"

"Ina da shi. Ba na wurin ba ne."

Ta je ta dawo da yamma da ƙullin kuka da saƙo. "Ya ce a gaishe ka. Ya ce waya lafiya lau, Allah Ya yi albarka."

"Iyakar abin da ya ce?"

"Me kake so ya ce, ya yi mata waƙa?"

Na koma wa Ramlat da wannan a matsayin binciken da na gudanar. Na ce mai amfani da sashen ya gamsu ƙwarai. Na kawo shawarar a jira bayan damina. Na kawo shawarar a kafa kwamiti. Na ce a rubuta wa kamfanin a yi musu bayanin surukuta. Ta saurare ni da ladabi, kamar yadda na koya mata, ta ce ranar Alhamis za ta goge.

Ranar Laraba na hau mota zuwa Kano na sayo babbar waya, ban gaya wa Fanna abin da aka rage a cefanen wata ba. Ranar Alhamis bayan la'asar Ramlat ta zaɓi sashen gaba ɗaya, tun daga KADA A TAƁA har ƙasa, layukan suka yi ja. Sai ta turo mini kwamfutar.

"Kai ka haife su, Malam. Kai za ka sallame su."

Na yi bismilla na danna. Na ɗauka zan ji wani abu ya motsa, ko da ƙyaurin ofis ne. Wata akuya ce kawai ta leƙo ta koma. Ramlat ta gwada manhajar a wayarta ta ce ta fi sauri sosai, ta ce in gani. Na ce na yarda.

Washegari ina sallame sallar asuba na nufi gidan Baba da sabuwar waya a aljihun riga, ina so in riga shi buɗe tsohuwar. Na cire takalmi tun daga bakin zaure, na durƙusa nesa da buzunsa, idona a kan tabarma. Muka gaisa. Muka tambayi gajiya, muka tambayi iyali, muka yi maganar hadarin da ya taso jiya bai zubar ba. Duk jimlar da na shirya a hanya ta gudu. Ina cikin nemanta sai ya sa hannu ƙarƙashin buzu ya ɗauko wayar.

An ɗaure ta da robar tayar keke, lambobin madannan duk sun goge. Ya riƙe ta nesa da fuskarsa, ya danna na sama, ya danna na ƙasa sau biyu, ya danna na tsakiya, a natse, kamar mai jan carbi. Ya ɗan jira. Sannan ya mayar da ita inda take. Daga inda nake durƙushe na ga gilashin. Baƙi ne ƙirin, da tsaga daga kusurwa zuwa kusurwa.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Baba, wutar gilashin ce ba ta kawo ba?"

"Gilashi? Ai ya mutu tun shekarar korona, da aka hana zuwa Juma'a. Jaki ne ya taka."

"To... ranar tarakta fa, Baba?"

Ya sa hannu a aljihun jamfarsa ya zaro waya wadda ta fi wadda ke aljihuna girma. Ya shafa ta da babban yatsa kamar ɗan jami'a. "Ɗana Kamaruddeen ne ya aiko mini daga Legas, da daɗewa. Laraba ce, bayan gonar Malam Sani. Yau ma abin ya buɗe da wuri, ba kamar da ba. Ka yi ƙoƙari."

Na ce Allah ne Ya yi.

Wani zakara ya shigo zauren ya dube mu ya fita. Baba bai dube ni ba, bangon da ke gefena ya duba, kamar yadda yake yi idan magana mai nauyi ce.

"Tun farko Fanna ta ce mini ka gaya mata duk wanda ya buɗe abin nan kana ganinsa daga wurinka. Da mutane suka koma manyan wayoyi sai na ce, to, yaron nan ya sha wahala a kan ƙananan, kada ya duba wata safiya ya ga ba kowa. Shi ya sa nake latsawa. Batir biyu na canja mata. Mai caji har dariya yake mini."

Yaron nan yana da furfura da hawan jini, kuma a lokacin yana ƙoƙarin danne aljihunsa da gwiwar hannu don kada kwalin sabuwar waya ya leƙo. Na tuna ranar da na faɗa wa Fanna waccan magana. Muna sabon ɗora manhaja ne, ina cika baki a tsakar gida, tana tankaɗe.

"Kana dai gani, ko?" in ji Baba.

Ga ƙofa a buɗe. Jimla ɗaya ce: Baba, an rufe hanyar jiya, ka huta. Da ya huta, da mai caji ya huta, da ni ma na huta. Na dubi tabarma, na dubi robar tayar keken da ta leƙo daga ƙarƙashin buzu.

"Ina gani, Baba," na ce. "Kullum."

"Madalla. Allah Ya yi albarka."

Daga can ofis na wuce, na roƙi Ramlat ta mayar da ɗan layi ɗaya, ɗaya tak, wanda ba ya yin komai sai dai ya nuna cewa wayar ta ƙwanƙwasa. Ta yi dariya har sai da ta riƙe buhun taki. Da ta ga da gaske nake sai ta goge ido ta ce ko ta mayar, nan da kwana kaɗan kamfani zai toshe ƙofar daga can, kuma su ba su da suruki a garin nan.

Tarakta ta shiga gonar Baba ranar Laraba. A taron ƙungiya na bayan shuka shugaba ya miƙe ya yaba mini a kan saurin da manhaja ta ƙara, aka yi tafi, na ɗaga hannu na karɓa. Sabuwar wayar tana cikin kwali a ƙarƙashin gado, kusa da rimot. Fanna ta gan ta, ta dube ni, na ce za a nema.

Har yau Baba yana latsawa kowace safiya, na sama, na ƙasa sau biyu, na tsakiya, don kada in duba in ga ba kowa. Shafin nan kuwa da ake dubawa, ranar da Ramlat ta buɗe shi a kan buhun taki ita ce ranar da na fara ganinsa.