Damstar Baban Afnan

Ni Rumasa'u na auri mutumin kirki, kuma kirkin nan nasa ne zai kashe ni.

Saura kwana biyar walimar auren 'yarmu Afnan, wadda za a yi a bayan gidanmu na McLeansville, muka sa aka sassare bishiyoyin da suka cinye filin. Rassa da ganye suka taru har sun fi ni tsawo. Mijina Alhaji Dabo ya yi hayar damsta, ƙaton akwatin ƙarfen nan na shara, mota ta kawo ta dire ta a tsakiyar filin.

Direban ya faɗa, ya maimaita: rassa, ganye, ciyawa, shi ke nan, don niƙa su ake yi a mai da su taki. Ya ce ranar Juma'a zai dawo ya ɗauke. Alhaji ya yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Direban na fita, ya ɗauki hoton damstar ya saka a gurup ɗin mutanenmu na Greensboro, wai alhamdulillahi aiki ya kankama.

Ai kuwa ya kankama! Washegari da hantsi sai ga Malam Ma'aruf da katifa a kan mota.

"Alhaji, na ga akwai sauran wuri a ciki."

"Haba Malam, ai gidanka ne."

Bayansa wani ɗan gurup ɗin, Longji, ya kawo fanka da kujeru masu ƙafa uku. Kafin Laraba har waɗanda ba su taɓa zuwa mana barka da salla ba sun gane hanyar gidanmu.

Na ce, "Baban Afnan, mutumin nan ganye ya ce."

Ya ce, "Hajiya, mutum ya tuƙo mota tun daga East Greensboro, da wane ido zan ce ya mayar?"

Tunda abin ya zama gayya, ni ma na faki ido na jefa tsohuwar tukunyata mai hannu ɗaya, na tura ta ƙarƙashin ganye.

Ranar Juma'a direban ya zo, ya leƙa, ya tambayi Alhaji ko a ƙasarmu katifa a bishiya take tsirowa. Ya ce a fitar da tarkacen, sai Litinin. Ya ja motarsa.

Na shiga kicin na yi kuka, kukan gaske. Uwar ango, Hajiya Sakinatou 'yar Yamai, mace ce da sai ta goge cokali kafin ta ci abincin mutane. Ita zan zaunar a gaban bola, ta ce ga gidan da ɗanta ya ɗauko mata?

Ranar Asabar, ranar walimar, Alhaji mai dabara ya lulluɓe damstar da zannuwan gado. Ana tsaka da addu'a iska ta yaye su. Ga katifa a tsaye, ga ƙafar kujera tana nuna sama. Hajiya Sakinatou ta miƙe, ta taka a hankali, ta leƙa ciki. Na ce ƙasa ki tsage in shige.

Ta juyo ta ce, "Hajiya, wannan fankar zubar da ita kuka yi?"

Na gyaɗa mata kai.

Ta kira ɗanta. "Abdoul-Aziz, kawo tsani."

Ango, da babbar rigarsa ta shadda, ya hau. Shi ke nan, kamar jira ake yi. Wa zai ga abu mai sauran amfani a bola ya kau da kai? Malam Ma'aruf ya ɗauki kujerun Longji, wai ƙusa biyu kawai suke so. Longji ya ɗaure katifar Malam Ma'aruf a kan motarsa. Kafin la'asar babu komai a damstar sai rassa da ganye, kamar yadda direba ya ce. Alhaji ya dube ni yana murmushi, sai ka ce shi ya tsara.

Bayan wata guda na kai wa Afnan ziyara a gidanta na Gate City Boulevard. Ta tuƙa mini tuwo. Na leƙa kicin, sai ga tukunya mai hannu ɗaya a kan murhu, an goge ta tana ƙyalli.

"Ina kika samo wannan?"

"Surukata ta ba ni, Mama. Ta ce irin wannan tukunyar, macen da ta san girki ba ta yar da ita."

Na zauna na ci tuwon. Abin haushin ma, ya yi daɗi.