Littafin Dikte Babu Aksan

Ranar da kwalayen suka iso Garwa ta Kamaru daga Yola, Sadiƙa ko takalmi ba ta tsaya sakawa ba don murna. Littafin dikte ne, wato shiftar Faransanci, kwafi dubu biyu, na farko da ɗan kamfaninta ya buga wa 'yan firamare, ga shi saura kwana tara a koma makaranta.

Jarin na kawunta ne, Alhaji Ridwan mai atamfa, kuma shi ya dage a kai aikin wurin amininsa a Yola, wai ya fi araha. Ya kuma faɗa mata ba ɓoye-ɓoye, in wannan bugun bai karɓu ba, zai zare hannunsa, ta rufe shago.

Ta farke kwali ta zaro littafi ɗaya ta buɗe shafi. Babu aksan ko ɗaya, 'yan alamomin nan da Faransanci ke ɗorawa a kan haruffa. Maïs, masara, ya koma mais, wato "amma". Manomi na shuka amma a gonarsa.

Nan take ta kira mai maɗaba'ar. Bawan Allah har da alfahari ya ce, "Ai Hajiya, rubutun naku duk datti ne a saman haruffa. Kwana uku muka yi muna gogewa, ban ma caje ku ba."

Tana ajiye waya sai ga Madam Monique, shugabar wata makaranta a Gidar, ta zo ɗaukar ɗari ukun da ta yi alkawari. Kawu na biye da ita, baki har kunne. Sadiƙa ta miƙa littafin, kunya kamar ta nutse.

Madam ta gyara tabarau, ta karanta layi biyu, ta zaro jan biro ta fara ɗora alamomin da kanta. Shafi ɗaya, shafi biyu, ta ma manta da mutane a wurin.

"Sadiƙa, kin san inda yarana ke zubar da maki duk shekara? Nan ne. Malamaina sai sun kwafe a allo sun cire aksan ɗin da hannu kafin yara su mayar. Wa ya ba ki wannan dabara?"

Sadiƙa ta buɗe baki, gaskiya ta taho mata har maƙogwaro, sai Kawu ya riga ta.

"Madam, ni na zaɓi maɗaba'ar."

Madam ta ɗauki ɗari biyar, ta ce za ta kira wata ƙawarta mai makaranta a Poli. Sadiƙa dai dariya take, hawaye na zuba, ta rasa na murna ne ko na haushin kawunta.

Da suka rage su biyu, Alhaji ya sassauta murya ya ce, "'Yar nan, wai mene ne aksan ɗin?"